Jama'a ku duba min hoton nan, taurari na ɗauka ko tsutsotsi?

Mai Hoton Biki: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku zo ku cece ni. Shekara shida ina ɗaukar hoton biki da suna da walima ban taɓa jin kyamara ta raina ni ba sai jiya da daddare. Na hau saman benenmu a nan Kano wajen sha ɗaya, da Canon 1300D ɗina da ɗan lensin da take zuwa da shi 18-55, na kafa ta a tiraifod na sa daƙiƙa 30, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 6400, na danna. Ga abin da ya fito nan kun gani, sama ta yi ja kamar an zuba manja, taurarin duk sun yi jela, ni kuma farar hanyar nan ta taurari nake nema irin wadda ake gani a hotunan turawa. Kyamarar ce ta tsufa ko ni ne?

Bazazzagiya: Wa alaikumus salam. Kai ne yaya 😂 kyamara ba ta da laifi

Mai Hoton Biki: Haba ƙanwata ko ɗan kara babu

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, duk wanda ka gani a nan da irin wannan hoton ya fara. Jelar da taurarin suka yi ba daga kyamara ba ne, ƙasa ce take juyawa da kai da benen naku da tiraifod ɗin gaba ɗaya, digiri 15 duk awa. Ido ba ya lura, amma in ka bar shota a buɗe daƙiƙa 30 tauraron ya riga ya gusa, shi ne yake ja maka layi. Akwai lissafin da ake yi, ka raba 500 da tsawon lensinka, sai dai sensar kyamararka ƙarama ce don haka ka fara ninka tsawon da 1.6. Wato 18 sau 1.6 kusan 29 kenan, 500 a raba 29 ya ba ka daƙiƙa 17. To ni ko 17 ɗin ban yarda da ita ba, lissafin tun zamanin fim ne, yanzu da ka zuƙo hoton a kwamfuta za ka ga jelar. Tsaya a 10 zuwa 13.

Amma babbar matsalar ba ita ce wannan ba. Farar hanyar da kake nema, Majarra inji Larabawa, tsakiyarta mai hasken yanzu a Janairu tana wajen da rana take, tare suke fitowa tare suke faɗuwa. Ko kyamarar miliyan goma ka sayo ba za ka same ta ba. Sai wajen Fabrairu zuwa Maris take leƙowa kafin asuba, a Yuli kuwa ƙarfe goma na dare tana tsaye a kudu sosai.

Ɗan Damagaram: Salam. Malam ka manta hazo. Shi ne uban matsala a wajenmu. Ƙurar hunturu tana nan rataye a sama, duk fitilar da aka kunna a gari sai haskenta ya hau ya bugi ƙurar ya dawo, shi ne jan da ya gani. Ni daga Disamba zuwa Fabrairu da wuya in fito da kaya, in ba ranar da iska ta kwanta aka wayi gari ana hango nesa ba.

Basakkwace: Abin ga da ɗan Damagaram ya hwaɗi gaskiya na. Mu nan in hazo ya sauka ko wata da ƙyar muka ganinai balle tamraro

Mai Hoton Biki: To ni a YouTube na ji wani bature yana cewa lokacin sanyi sama ta fi tsabta shi ya sa na fito

Ɗan Damagaram: Sanyinsu daban namu daban ɗan uwa. Su ba su da Sahara a bayan gida. Mu samanmu ba ta wankuwa sai an yi ruwa. Ka samu dare a damina da aka tafka ruwa da la'asar gajimare ya yaye bayan isha, wallahi sai ka ji kamar ka miƙa hannu ka tsinko tauraro. Matsalar dai irin daren nan ba ya sanarwa, wata rana sati biyu kana jira hadari bai ba ka fili ba, shi ya sa batir kullum a cike, kati a goge, ba a fafe gora ranar tafiya.

Malamin Fiziks: Kuma Allah ya ba mu abin da baturen bai da shi. Tsakiyar Majarra tana digiri 29 kudu da layin ikwaita na sama, mu a Kano muna digiri 12 arewa da ikwaita, don haka tana hawa mana har kusan digiri 49, sama da rabin hanya zuwa tsakar ka. Mutumin Landan bai fi digiri 10 yake samu ba, a gindin bishiyoyi da hayaƙin gari yake nemanta. Su suke biyan kuɗin jirgi su tafi Namibiya ko Cile don abin da yake wucewa ta saman gonar kakanka kyauta.

Mai Hoton Biki: Ikon Allah. To yanzu sai in naɗe kaya sai damina kenan?

Malamin Fiziks: A'a. Yanzu ne lokacin koyon hannu. Fita bayan isha ka ɗaga kai za ka ga taurari uku a jere kamar an sa ma'auni, wannan ɗamarar Oriyon ce, ƙasa da su kaɗan akwai wasu ƙanana a jere, a tsakiyarsu akwai wani ɗan hayaƙi, gajimaren gas ne da ake haifar sababbin taurari a ciki, haskensa ya yi tafiyar shekara sama da 1,300 kafin ya iso. Sai Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, ita kowa ya san ta. Duk biyun suna hawa can sama a wannan lokacin inda ƙura ta fi sauƙi. Kana da 50mm f/1.8? Na san masu hoton biki ba sa rabuwa da shi.

Mai Hoton Biki: Ina da shi, da shi nake wa amare hoto

Malamin Fiziks: Shi ke nan ka gama. Ya fi 18-55 ɗin shan haske nesa ba kusa ba. Sa shi a f/2.2 ko f/2.8 don in ka buɗe shi duka taurarin gefe sai su yi fukafukai. Daƙiƙa 3 ko 4 kawai, ISO 1600 ko 3200, kuma RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta matse ba, don Allah ba JPEG ba. Kashe otofokas, kunna allon baya ka nemo tauraro mafi haske, Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, in ka bi layin taurari ukun nan ta kudu maso gabas za ka faɗa kansa. Zuƙo shi sau 10 ka dinga murza zoben a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sai ka manne zoben da salatif kada hannu ya taɓa. A hoton da ka turo ma fokas ɗin ya kauce, shi ya sa tsutsotsin naka suka yi ƙiba.

Bazazzagiya: Tsutsotsi masu ƙiba 😭

Mai Hoton Biki: Malam daƙiƙa 3 fa? Ai baƙi ƙirin zai fito

Malamin Fiziks: Zai fito da duhu kam. Sirrin shi ne ba ɗaya za ka ɗauka ba, 200 za ka ɗauka. Duk bayan kamar hoto 30 ka ɗan juya kyamarar ka dawo da abin tsakiya tunda yana gudu. Sannan manhaja ta jera su tauraro a kan tauraro ta haɗe su su zama ɗaya. Tsaki-tsakin nan da kake gani a hoton dare kowane hoto da inda yake faɗowa, yau nan gobe can, shi kuwa tauraro kullum yana gurbinsa, to in aka haɗa sai tsakin ya dinga cinye junansa hasken gaskiya ya zauna. Hoto 16 yana ba ka tsabta ninki 4, hoto 100 ninki 10. Ka lura ba ninki 100 ba, shi ya sa daga 100 zuwa 200 bambancin bai kai yadda mutum yake zato ba. DeepSkyStacker kyauta ne a Windows, Siril ma kyauta ne kuma yana hawa Mac da Linux, ya fi wuyar sabo amma ya fi aiki. Ka tanadi wuri dai, RAW 200 zai ci maka wajen giga 5.

Tsohon Mai Wanke Hoto: Ina ta karanta ku tun ɗazu na yi shiru. Ni na fara sana'ar nan tun ana wanke fim a ɗaki mai jar fitila. Ku gaya min tsakani da Allah, mutum ya ɗauki hoto 200 baƙaƙe, ya zuba wa kwamfuta, ta fito masa da ja da shuɗi da shunayya wanda idonsa bai gani ba a sama, sannan ya ce shi ya ɗauka? Wannan hoto ne ko zane? Na sha fita na kalli Oriyon ɗin nan ban taɓa ganin wani ja ba.

Bazazzagiya: Baba barka da dare. Ai ko maganin sauro ba ka ganin abin da ke cikinsa amma yana aiki

Tsohon Mai Wanke Hoto: 'Yar nan wannan ba amsa ba ce

Malamin Fiziks: Baba Allah ya ƙara girma, tambayarka tana kan hanya, kuma ba kai kaɗai kake yin ta ba. Abin da ya sa ba ka ga jan ba idon ɗan adam ne, a cikin duhu ƙwayoyin da suke gane launi ba sa aiki sosai, waɗanda suke aiki fari da baƙi kawai suka sani, shi ya sa da daddare jar mota da koriya duk toka-toka suke. Amma jan yana nan, haidurojin ne yake fitar da shi, ana auna shi, tsawon zangonsa nanomita 656. Hasali ma irin kyamarorinmu akwai wani gilashi a gaban sensa da yake tare mafi yawansa, wato abin da muke samu bai kai wanda yake can ba. Ido ba ya tara haske, abin da ya shigo yanzu ya wuce. Kyamara kuwa kamar ka ajiye bokiti ne a bakin indararo ana yayyafi, in ka jira zai cika. Ruwan da ya taru ai ba ƙarya ba ne don kawai tafin hannunka bai tara ba.

Tsohon Mai Wanke Hoto: Na ji batun bokiti. To jan layin nan da kuke yi a Photoshop har baƙi ya koma haske fa?

Malamin Fiziks: Baba a ɗakin wanke hoto in fuskar ango ta yi duhu ya kuke yi?

Tsohon Mai Wanke Hoto: Mukan sa hannu mu tare hasken a wajen fuskar kaɗan, sauran takardar ta ci gaba da sha

Malamin Fiziks: To shi muke yi, hannun ne ya koma linzamin kwamfuta. Ni inda na ja layi shi ne, fito da abin da sensa ta kama halal ne a wajena, ƙara abin da ba ta kama ba shi ne zane.

Ɗan Haɗeja: Nan ne fa ake yin ta. Kun tuna rigimar wayar Samsung a 2023? Wani a Reddit ya ɗauko hoton wata ya dusashe shi da gangan har ramukan suka ɓace, ya sa a allon kwamfuta ya kashe fitila ya ɗauka da wayar daga nesa, sai ga wata ya fito da ramuka tsaf, alhali a allon babu su. To wannan kam ni ina bayan Baba.

Tsohon Mai Wanke Hoto: Yawwa ɗana. Ashe dai ban tsufa a banza ba

Mai Hoton Biki: Ni dai ba zan sa baki a nan ba, wanda ya mayar da amarya baƙa ta koma fara sol har dangin ango suka kasa gane ta a albam bai da bakin magana 😅

Basakkwace: Allah shi shirye ka

Bazazzagiya: Tunda an zo batun waya bari in faɗi nawa don waɗanda ba su da kyamara kada su karaya. Ni ba ni da komai sai waya. In mun je ƙauye wajen kakata can bayan Zariya, ba wuta ba janareta, sai in kifa turmi a tsakar gida in kwantar da wayar a kai kyamararta tana kallon sama, in shiga Pro in sa ISO 1600, shota daƙiƙa 15 ko 20, fokas in ja shi ƙarshe wajen alamar dutse, in sa taima ta daƙiƙa 5 in janye hannuna. Ranar farko kakata ta fito ta same ni a tsugune gaban turmi cikin duhu ta ce lafiya, me kike wa turmin. Da na nuna mata Kaza da 'Ya'yanta a allon ta ƙirga ta ce 'ya'yan sun ƙaru, ita shida ta sani. Masu wayar Pixel su sun huta, tun Pixel 4 a 2019 in ka ajiye wayar ba motsi da kanta take ɗaukar kusan minti 4 ta haɗa. Abin da Malam ya bayyana ne dai take yi a ciki.

Malamin Fiziks: Kakarki ta yi daidai, yawancin idanu shida suke gani, amma taurarin wajen sun haura dubu. Ki gaishe ta.

Ɗan Damagaram: Wani abu kuma da ba a faɗa ba, wata. Mu ai ba ma buƙatar manhaja don wannan, kalandar Musulunci ta ishe mu. Daga 25 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabo shi ne kasuwarmu. Daren 14 kuwa ka kwanta ka yi barcinka, farin wata yana shafe komai kamar fitilar filin ƙwallo. Sai in watan kake so, shi kuma haske ne da shi kamar rana, ISO 100, f/11, ɗaya bisa 100 na daƙiƙa ka fara daga nan.

Ɗan Haɗeja: Ni gargaɗi zan yi kafin kowa ya ɗauki kaya ya nufi daji neman duhu. Bara na je wani ƙauye da abokina, muka wuce bayan gari wajen wata fadama, na kafa tiraifod na ɗora doguwar lensi ina kallon kudu, ga jar tocila a goshina, na naɗe ta da jar leda don kada ta kashe min ido. Ban yi minti ashirin ba sai haske ta ko'ina, 'yan sintiri ne su wajen takwas da bindigogin toka da gora, ɗaya yana cewa kada ka motsa, ɗaya yana cewa ga bindigar nan a kafe. Wallahi gwiwata ta yi sanyi. Ina ce musu taurari nake ɗauka, wani ya ce taurarin uban wa. Har gidan mai unguwa aka kai mu ƙarfe ɗayan dare aka tashe shi, na kunna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya, baƙi baƙi baƙi da ɗige-ɗige, ya daɗe yana kallo ya ce yanzu saboda wannan ka baro gadonka? Ba laifinsu ba ne, yanayin da ake ciki kowa ya sani. Tun daga ranar in zan je wuri da rana nake zuwa in gaida mai gari in yi bayani, in nemi yaro ɗaya ɗan garin ya zauna da ni. Kuma inda ba lafiya kada ka je ko sama za ta sauko. Sannan takalmi rufaffe, kunama ba ta san kai mai fasaha ba ne.

Admin: Wannan saƙon na maƙale shi a sama. Kowa ya karanta.

Basakkwace: Tambaya gare ni Malam. Tunda kyamara ta hi ido gani, mi zai hana a ɗauki jinjirin watan azumi da ita a kai ma kwamitin Sarkin Musulmi a huta da gardama?

Malamin Fiziks: Ta ɓangaren fasaha ana iyawa, har fiye da yadda kake zato. Wani Bafaranshe Thierry Legault a Yulin 2013 ya ɗauki jinjirin wata da rana tsaka a daidai lokacin haihuwarsa, da madubin hangen nesa da tacewar hasken infrared, abin da ido ba zai taɓa gani ba. To ka ga nan ne matsalar take, shin abin da na'ura ta gani ido bai gani ba ya zama ganin wata? Wannan ba tambayar fiziks ba ce, ta malamai ce, ni nan na tsaya.

Tsohon Mai Wanke Hoto: Ka ga ka dawo maganata da bakinka

Admin: Jama'a a bar batun ganin wata a nan don Allah, mun san inda yake kai mu. A koma kan hoto.

Kafinta: Ni tambayata kan na'urar bin taurari ce. Na ga kuɗin Star Adventurer na rufe shafin. An ce ana yin ta katako, in gaskiya ne a ba ni awo in gwada, katako dai ba ya gagara ta.

Malamin Fiziks: Gaskiya ne, wani George Haig ya fitar da tsarin tun 1975. Katako biyu ne a haɗe da hinjin ƙofa kamar littafi, kyamara a kan na sama, sai ƙusa mai zare da take tura na saman yana buɗewa a hankali. In ka samu mai lamba M6 wanda zarensa milimita 1 ne duk zagaye, ka huda ramin a milimita 228.5 daga tsakiyar sandar hinjin, kana juya shi zagaye ɗaya duk minti ɗaya kana kallon agogo, to buɗewar ta yi daidai da juyin sama. Da lensi mai faɗi za ka iya kai minti ɗaya ko biyu ba jela. Sharaɗin shi ne sandar hinjin ta kalli tauraron arewa.

Ɗan Damagaram: A nan ne za ka sha wuya Kafinta. Tsayin tauraron arewa daga ƙasa daidai yake da nisan garinku daga layin ikwaita a taswira, Kano digiri 12, mu nan kusan 14, Agadas 17, 'yan uwanmu na Kumasi ko 7 bai cika ba. Wato yana can ƙasa-ƙasa inda katanga da darbejiya da ƙura suke, ga shi ba wani haske ne da shi can ba. Ni abin da na yi, na yanka katako mai gangaren digiri 14 na ɗaure a kai, ranar da na samu ganinsa na daidaita na zana wa ƙafafun tiraifod alama da fenti a siminti, yanzu ko ban gan shi ba a nan nake kafawa. Kada ka yarda da kamfas ɗin waya kusa da ƙarfen rodi, ƙarya yake yi.

Kafinta: Milimita 228 da rabi. Rabin nan zai kashe ni amma zan gwada

Mai Hoton Biki: Malam na buɗe DeepSkyStacker yana tambayata wasu dak da fulat, su kuma su waye

Malamin Fiziks: Dak hoton duhu ne. Kana gama ɗauka a wurin, kafin kyamara ta huce, rufe lensi da murfinsa ka ɗauki 20 da saitin da ka yi aiki da shi, kada ka canja komai. Sensa in ta yi zafi tana fitar da wasu ɗigo ja da kore na ƙarya, manhajar za ta gane su a nan ta cire. Mu da muke da zafin Maris da Afrilu wannan dole ne, dare ma sensa tana tafasa. Fulat kuma na ƙura ne da duhun kusurwa, ka shimfiɗa farar riga mai tsabta a bakin lensi ka ɗaure da roba, ka kalli sama da asuba ko farin allon laftof, fokas yana inda yake, ka ɗauki 20 masu matsakaicin haske. Kai da kake canja lensi a filin biki cikin ƙura na tabbata sensarka ta yi kwalliya.

Mai Hoton Biki: Kamar ka gani wlh. Na gode jama'a, zan dawo da labari in sha Allah

Mai Hoton Biki: Salam, na tono wannan tsohon zancen don alƙawari. Oriyon na hunturu ya fito amma ba abin nunawa ba ne, sai da na yi dare huɗu kafin na daina taɓa fokas. To shekaranjiya 27 ga wata muna ƙauyenmu wajen Rano, aka yi ruwa tun azahar ya ɗauke kafin magariba, ƙarfe tara na fito alwala na ɗaga kai sai na tsaya da buta a hannu. Tun kafin in kunna kyamara ga Majarra nan da ido, fara daga kudu ta ratsa har arewa, da baƙin layi a tsakiyarta kamar an tsaga. Na je na gaya wa kawuna da mai unguwa kamar yadda ɗan Haɗeja ya ce, aka haɗa ni da yara biyu. 18mm, f/3.5, daƙiƙa 12, ISO 3200, na sa rumbu da bishiyar kuka a gaba. Na ɗauki 80 amma 25 na ƙarshe duk sun yi dishi-dishi, ashe raɓa ce ta kwanta a gilashin ban sani ba ina can ina kora sauro. Na haɗa 55 ɗin da manhajar Sequator saboda ita tana barin ka shafa inda sama take ta bar ƙasa a tsaye, kukar ba ta jirkice ba. Ga shi nan. Ban ƙara komai ba Baba, haske kawai na ja na rage kore.

Bazazzagiya: Masha Allah!! Yaya wannan kai ne? Tsutsotsi sun girma

Ɗan Damagaram: Ga jerin taurarin Kunama nan a dama da jan tauraronta, har ƙarin ya fito. Layin nan siriri a kusurwar hagu fa, jirgi ne ko tauraron ɗan adam?

Mai Hoton Biki: Ban sani ba, a hoto uku ya fito na rasa yadda zan yi da shi

Malamin Fiziks: Barka ƙanena, minti 11 kenan ka tara. Layin ba ya ƙyaftawa don haka ba jirgi ba ne. Cire ukun nan ka sake haɗawa, 52 ma sun isa. Ka ɗan ja shi da yawa a wajen kukar, ga wani farin zobe ya zagaye rassan, sassauta. Raɓa kuma akwai ɗan madaurin ɗumama lensi da ake sa wa a fawa bank, kafin ka samu ka sa hular lensin ka dinga haska gilashin duk bayan hoto goma.

Kafinta: Nawa katakon yana aiki fa, sai dai hannu yana gajiya, minti ɗaya kamar shekara. Ina neman ƙaramin inji mai zagaye ɗaya a minti in wani ya san inda ake samu a Sabon Gari

Tsohon Mai Wanke Hoto: Na gani. Har yanzu ina nan kan bakata, launin nan ya fi wanda Allah ya nuna wa idona. Amma baƙin layin tsakiyar na san shi, muna yara a kan tabarma muke kwana muna kallonsa. Turo min babban fayil ɗin ba wanda WhatsApp ya matse ba, zan buga mai girman 12 da 16 in gani ko tsakin zai fito a takarda.

Mai Hoton Biki: To Baba, mega 90 ne, bari in samu netwok mai kyau